Gadar masu ƙafa ko gyaran ƙasa, wanne ya kamata unguwa ta nema?

Kusan wata biyu kenan muna musu ɗaya a ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma na san ba mu kaɗai ba ne a Kano muke wannan musun, shi ya sa na ce bari in zauna in baje shi a faifai ko wani zai amfana. Akwai titi da ya raba unguwarmu gida biyu, firamare da islamiyya da kemis duk suna tsallake, gidajen mutane suna wannan ɓangaren, kullum da safe da yamma yara sai sun keta shi. An sha kaɗe yara a wurin, na ƙarshen yarinya ce 'yar aji uku, Allah Ya taƙaita karaya ce a ƙafa. To sai aka ce mana mu rubuta abu ɗaya da muke so a saka mana cikin aikin mazaɓa, ɗaya tak, kuma a nan aka rabu. Yawancin mutane suka ce gada kawai, irin ta sama ɗin nan ta masu tafiya a ƙafa. Mu 'yan kaɗan muka ce a'a, a gyara ƙasa: a rufe kwata da silab a yi hanyar masu ƙafa a gefe, a yi tsallake mai tudu a ƙofar makaranta, a sa fitilun sola, a dasa bishiya.

Ni ina ɓangaren gyaran ƙasa, ba zan ɓoye ba. Amma zan yi wa gada adalci don masu sonta ba wawaye ba ne, iyaye ne da suka gaji da jin ƙarar birki gabansu yana faɗuwa.

Gada tana da abu ɗaya da babu mai ƙwace mata: wanda ya hau ta mota ba za ta taɓa shi ba. Shi kenan, babu roƙon direba, babu ɗaga hannu. A manyan tituna irin titin Zariya ko titin Katsina ko Bypass inda tirela da tanka da manyan bas suke zuba gudu dare da rana, hannu biyu kowanne da layuka, ga katangar kankare a tsakiya, wallahi ni ma gada zan nema, domin babu wanda zai yarda a tsayar da tirelar da ta ɗauko kaya daga Legas duk bayan mita ɗari biyu. Kuma gada ba ta cin filin mutane da yawa, ƙafafunta biyu ne kawai suke buƙatar wuri, mai tireda da mai shayi da mai faci ba sa jin za a tashe su. Sannan a wajen ɗan siyasa ita ce mai farin jini, ana ganinta daga nesa, ana iya rubuta suna a jiki, ana yanka zare a ɗauki hoto. Idan abin da kuke so shi ne a amince da takardarku da wuri, gaskiya gada ta fi saurin shiga.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka gama ta. Dole gada ta yi tsayin da babbar mota da lodinta za ta wuce a ƙasa, wato sama da mita 5, kusan hawa bene biyu kenan ka hau ka sauka don kawai ka je tsallaken da kake hangowa. Matashi ba zai ji komai ba. Amma ku lissafa su waye suke tsallaka titin unguwa a yini: tsohuwa mai ciwon gwiwa, mace da goyo ga leda a hannu ga wani yaron tana ja, mai ciki za ta awo, ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki, mai baro, mai keken guragu, makaho da ɗan jagora, mai keke. Duk waɗannan gada ba tasu ba ce. Idan aka ce a yi mata gangare maimakon matakala don keken guragu ya iya hawa, ƙa'idar gini ita ce duk mita ɗaya na tsayi sai an ba shi mita 12 na tsawo, kun ga kenan gangaren zai kai mita 60 a kowane gefe ko ma ya fi, kuɗin ya ƙaru, filin da aka ce ba za a ci ba an dawo an ci.

Na tambayi Ummata, don ita kullum sai ta tsallaka zuwa gidan ƙanwarta, na ce Umma idan aka yi gada za ki hau? Ta ce ɗan nan ni da matakalar masallaci uku sai na dafa bango, ina ni ina gada, sai dai in tsaya a ƙasa in jira mai tausayi ya tsayar min da motoci. Wannan maganar ce ta tsaya min a rai fiye da duk lissafin da na yi.

Kuma ga abin da mutane ba sa kawowa a ransu. Da zarar an yi gada direba yana ɗauka titin ya zama nasa shi kaɗai, ai an yi muku gada me kuke nema a ƙasa, sai ya ƙara wuta. To ita Umma da ɗan garuwa da yaron da ya makara yana tsoron bulala, waɗanda dole ta ƙasa za su bi, yanzu haɗarinsu ya fi na da. Kowa ya ga yadda ake haura shinge a ƙarƙashin gadojin da muke da su a garin nan, ana zagin mutane wai ba su waye ba, alhali mutum duk inda yake a duniya gajeriyar hanya yake nema, ballantana a zafin watan Afrilu da ma'auni yake kai 40 ƙarfen gada ya ɗau zafi ba inuwa. Da dare kuma wata magana ce, da wannan ƙwacen wayar da ya addabe mu wace mace ce za ta hau gada ita kaɗai bayan isha'i, wuri mai ƙofa biyu kacal babu inda za ka gudu? Sai kuma abu na ƙarshe, gada wuri ɗaya take tsayawa. Titinmu ya fi kilomita ɗaya kuma mutane suna tsallakawa a bakin kowane layi, a bakin masallaci, a wajen mai kayan miya. Gada ɗaya ta magance wuri ɗaya, saura fa?

Yanzu gyaran ƙasa. Asalin abin da yake kashe mutum a titi gudu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma ta ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar wanda aka kaɗe ya mutu tana ninkawa sau huɗu da rabi. Shi ya sa ake ba da shawarar kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci suke cakuɗa irin ƙofar makaranta da kasuwa. Gada ba ta rage gudun mota ko kaɗan, tana ɗauke wasu mutane ne daga gabansa. Gyaran ƙasa shi gudun yake kamawa. Tsallake mai tudu, wato a ɗaga wurin tsallakawar ya zo daidai da gefen titi mai faɗi kuma a kwance, yana tilasta wa kowane direba ya taka birki ko yana so ko ba ya so, mai keken guragu da mai baro kuma su wuce ba tare da sun sauka sun hau ba. Idan titin mai faɗi ne sai a yi ɗan tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta ya duba ɗaya hannun, maimakon ya tsaya a kan farin layi adaidaita tana shafar rigarsa gaba da baya.

Sannan akwai tafiyar da ba tsallake ba ce, wadda masu son gada suke mantawa da ita gaba ɗaya. Yaro kafin ya iso wurin tsallakawa ai ya yi tafiya a gefen titi, kuma a ina yake takawa? Kwata a buɗe a hagu, mota a dama, shi yana tsakiya a bakin kwalta. Da damina idan ruwan Agusta ya sauka kwata da titi su zama ɗaya ba ka san inda rami yake ba. Rufe kwatar nan da silab shi kaɗai ya ba ka hanyar ƙafa ba tare da an rushe katangar kowa ba, filin yana nan dama, shara ce kawai take zaune a ciki. Ka ƙara darbejiya ko wata bishiya mai inuwa a jere, ka sa fitila, to ka samu hanyar da mutum zai bi da rana da dare ba don dole ba. Duk wanda ya taɓa tafiya a cikin Nassarawa GRA ko cikin tsohuwar BUK ƙarƙashin bishiyoyi, sannan ya fito titin da babu ko ganye, ya san bambancin a jikinsa ba sai an kawo masa bincike ba.

Kuma mu tuna wane ne yake tafiya a ƙafa a Kano yanzu. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013 adaidaita sahu ce ta zama ƙafar talaka, to daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1000, kuɗin adaidaita ya bi ta. Malamin makaranta, ɗan kasuwar Kwari, mai aiki a Sharaɗa ko Bompai, da yawa yanzu rabin hanya a ƙafa suke yi don su rage kuɗin mota. Gadojin motoci da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka yi mana a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa da Dangi da Hotoro sun rage wa mai mota gosulo a wuraren, ba na musun wannan, amma mai ƙafa idan ya iso irin wuraren nan sau da yawa sai ya rasa ta inda zai bi. Alhali garin nan asalinsa garin ƙafa ne. Cikin ganuwa, daga Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa zuwa gidan sarki zuwa Ƙofar Mata, lunguna ne masu inuwa, masallaci kusa, makarantar allo kusa, mai koko kusa, dakali a ƙofar gida. Abin da turawa suke ta taro a kai yanzu wai unguwar da komai yake kusa da kai, kakanninmu a ciki suka rayu.

To amma gyaran ƙasa yana da nasa ciwon kan, kuma idan na ɓoye shi na cuce ku. Na farko, hanyar ƙafa idan aka gama ta ba mai ƙafa ne yake fara hawa ba. Mai tebur zai baje kaya, mai shago zai fito da janareto da firij, adaidaita za ta mayar da wurin tasha, mai babur idan gosulo ya haɗu zai hau ya yi ta hon a bayanka. Kowa ya ga haka a kusa da Sabon Gari da Singa da Kwari. Na biyu, zanen tsallake kawai na fenti ba tudu ba komai, a garin nan ado ne, wata uku ya goge. Na uku bishiya sai da ban ruwa shekara biyu ko uku da kariya daga awaki, fitilar sola sai da mai kula da batir, murfin kwata idan na ƙarfe ne ɓarayi za su ɗauke, shi ya sa ma gara na kankare. Na huɗu, tudun rage gudu idan aka bar wa samarin unguwa suka yi shi da kansu cikin fushi bayan an kaɗe yaro, sai ya fito kamar kunyar dankali, ya fasa ƙasan mota, ya wahalar da mai naƙuda da ake gudu da ita asibiti, ya jawo wa abin baƙin jini. Dole injiniya ya auna, dole a samu izini, ku fara sanin titin naku na waye ma tukun, na tarayya ne ko na jiha ko na ƙaramar hukuma, sannan ku san da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, za ku yi magana ko ma'aikatar ayyuka, kuma KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ta san da zancen tun farko.

Wato gada ana gina ta sau ɗaya a tafi a bar ta, gyaran ƙasa kuwa yana buƙatar mutanen unguwa su riƙe shi kullum. Nan ne ainihin bambancin, kuma nan ne maganar goyon bayan jama'a ta shigo. Gada ba sai ka shawo kan kowa ba. Gyaran ƙasa idan mutane ba su yarda ba ko an kashe miliyoyi wata shida ya koma yadda yake.

Kuskuren da muka yi da farko shi ne mun fara da waya. Muka yi ta tura hotunan titunan Turai a guruf ɗin WhatsApp na unguwa da Facebook muna cewa ku ga yadda ake tsara gari, sai wani dattijo ya ce mu nan Kano muke, kuma ya yi gaskiya. Mafi muni, masu shaguna da suka ji kalmar tsara gari sai hankalinsu ya tashi, don bayan rusau ɗin 2023 duk mai kasuwanci a bakin titi idan ya ji ana maganar gyaran hanya abin da yake fara zuwa ransa katafila ce. Cikin sati ɗaya muka tara abokan gaba ba mu sani ba. Da muka gane sai muka ajiye waya muka fara bi ƙafa da ƙafa. Mai unguwa muka fara gani, muka ce ranka ya daɗe ba rusau muka kawo ba, ba za a tashi kowa ba, layi kawai za a ja a ce daga nan zuwa nan na kaya ne daga nan zuwa nan na masu wucewa. Muka je wurin liman, shi ma bai buƙaci dogon bayani ba, da kansa ya kawo hadisin kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne da na haƙƙin hanya, ya yi magana a kai bayan sallar asuba. Muka zauna da shugaban 'yan adaidaita na tashar bakin layi, shi abin da yake so wuri ne sananne na sauke fasinja da ɗauka inda ba za a kama shi ba, kun ga bukatarsa da tamu ba su ci karo ba. Mata kuma, waɗanda su ne suka fi kowa tsallaka titin amma ba sa zuwa taron ƙungiya, ta hannun malamar islamiyyar matan aure muka ji ra'ayinsu, kuma su fitila suka fi nacewa a kai fiye da komai, abin da mu maza mun saka shi a ƙarshen takarda.

Abin da ya fi duk wannan aiki shi ne gwaji, don gani ya kori ji. A birnin Niyok na Amurka a 2009 da za su hana mota bi ta wani sashe na dandalin Times Square ba da siminti suka fara ba, da fenti da robobin tare hanya da kujeru masu arha suka fara a matsayin gwaji, sai da mutane suka gani da idonsu sannan aka mayar da shi na dindindin. Kigali ta Ruwanda tun 2016 take ware ranakun Lahadi da ake rufe wasu tituna wa masu ƙafa da keke. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk Juma'a ana tare titi a yi sahu, ranar hawan sallah ana rufe rabin gari, mai biki ma yana kafa rumfa ya toshe layi kowa ya zagaya ba faɗa. To me zai hana a nemi izini na sati biyu, lokacin tashi daga makaranta kaɗai, a jera tayoyi da aka shafa wa fenti a matse bakin titin a ƙofar makaranta, 'yan sa kai biyu da jami'i ɗaya su tsaya, a sa wani ya zauna da littafi yana ƙirga mutum nawa suka tsallaka, a ina, tsofaffi nawa, masu kaya nawa, minti nawa suke jira? Wannan lissafin naku ne na unguwarku, ba wanda zai ce daga waje kuka kwaso, kuma shi ne zai nuna muku ko gada ɗaya za ta ishe ku. Gada ba a gwada ta, sai an gina ake sanin ko za a hau.

Saboda haka idan ku ma an ba ku irin wannan zaɓin, ku fita ku tsaya a bakin titin naku awa ɗaya da safe awa ɗaya da yamma kafin ku rubuta komai. Idan babban titi ne na manyan motoci masu wucewa zuwa wani gari, mutane kuma wuri ɗaya suke taruwa su tsallaka kamar ƙofar kwaleji ko tasha, ku nemi gada, amma ku dage a kan gangare da rufi da fitila tun a takarda, kar ku yarda a ce daga baya. Idan titin cikin unguwa ne, shaguna hagu da dama, adaidaita da ƙananan motoci ne suka fi yawa, ana tsallakawa ko'ina, to gada asarar dama ce, gyaran ƙasa za ku nema, kuma kar ku nema sai kun samu masu shaguna da 'yan adaidaita a cikin kwamitin da sunansu da sa hannunsu, a kuma rubuta wa zai shayar da bishiya wa zai kula da fitila. Idan kuɗin ba zai kai duka ba ku fara da tsallake mai tudu a ƙofar makaranta da rufe kwata daga nan zuwa bakin layi mafi cunkoso, bishiya kuwa unguwa za ta iya da kanta idan damina ta faɗi.

Mu dai a zaman da muka yi na ƙarshe ba kowa ne ya sauko ba, baban yarinyar da aka kaɗe har yanzu gada yake so kuma ba wanda ya isa ya ga laifinsa. Abin da aka amince shi ne a fara neman izinin gwajin sati biyu kafin a miƙa takardar, kuma shi da kansa ya ce zai riƙe littafin ƙirga na safe.